Yadda ma'aurata za su tsara ibada, motsa jiki da nishaɗi a mako

Salloli biyar sun riga sun yanka wa Musulmi yininsa, don haka ma'aurata ba sa buƙatar ƙirƙiro jadawali daga tushe. A Kano alfijir yana ketowa tsakanin wajen 4:45 da 5:35 gwargwadon wata, rana kuma tana faɗuwa tsakanin 6:00 da kusan 7:00, wato duk shekara canjin bai wuce awa guda ba. Dabarar ita ce a ɗaura kowane abu a jikin wata salla: tafiya bayan Asuba, karatu tsakanin Magariba da Isha, kallo bayan Isha. Mai cewa "zan yi idan na samu sarari" ba zai yi ba, domin gidan da ke da yara da baƙi da sana'a sarari ba ya zuwa da kansa. Asalin maganar tana cikin abin da Salmanul Farisi ya faɗa wa Abu Darda'i, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, jikinka yana da haƙƙi, iyalinka ma suna da haƙƙi, ka ba kowa haƙƙinsa.

A fara da lokacin kwanciya

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 aƙalla. Mai tashi ƙarfe 5:00 ke nan ya kamata 10:00 ta yi masa a kwance. Yawanci ana idar da Isha kafin 8:30, saboda haka awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne suka rage wa abincin dare, kwantar da yara, hira da kallo. Idan aka ja daren zuwa 12:00 ana latsa waya, ga yadda gobe take lalacewa: a makara Asuba, ko a yi ta ido na rufewa a koma gado, tafiyar safe ta faɗi, da rana kasala ta sauko, da yamma a nemi shayi mai kauri, da dare barci ya ƙi zuwa. Galibin waɗanda suke kukan sun kasa motsa jiki ko sun kasa karatu, daga nan matsalarsu take.

Gyaran ba shi da tsada. Daga 9:30 wayoyin biyu, ta maigida da ta uwargida, su tafi falo caji. Idan don tashi ake ajiye waya a gefen gado, a sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa. Kofi da shayi mai kauri kada su wuce La'asar, domin abin da ke hana barci a cikinsu yakan ɗauki wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Tuwo ko wani abinci mai nauyi a ci shi awa 2 kafin kwanciya. Wanda aikinsa ba zai bar shi ya kwanta kafin 10:30 ba, ya cike da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan Azahar. Idan ta zarce haka, da nauyin kai ake tashi. A unguwar da wuta sai dare take zuwa, a keɓe dare biyu a mako don guga da niƙa, kada a riƙa tashi duk lokacin da ƙwan fitila ya kama. Mai shayarwa kuwa wannan lissafi bai hau kanta ba: ta kwanta duk sa'ad da jariri ya kwanta, maigida ya ɗauke mata shirya manyan yaran da safe.

Ibada: a ɗauki abin da zai ɗore

Alƙur'ani izu 60 ne. Bugun Madina yana da shafi 604, wato kowane izu kusan shafi 10. Shafi 2 bayan kowace salla, wanda ba ya wuce minti 5 ga mai matsakaicin karatu, ya ba da izu guda a yini, sauka a wata 2. Shafi 4 kuma sauka a wata guda. A fara da 2, ko ma 1 idan karatun yana sarƙewa, kuma a ajiye Alƙur'anin a inda ake salla, kada sai an tashi an ɗauko.

Kuskuren da aka fi yi yana zuwa ne bayan Sallar azumi. Mutum ya fito da zafinsa, ya ɗora wa kansa izu 2 kullum, da tahajjud, da azumin Litinin da Alhamis gaba ɗaya, kafin ƙarshen Shawwal duk sun zube. Hadisi ya inganta cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A riƙe abu guda wata ɗaya cur kafin a ƙara wani. Azumin nafila kuma a yi shawararsa tun daren: shari'a ta ce mace ba ta yin na nafila mijinta yana gari sai da izininsa, kuma ya fi sauƙi idan tare aka yi, ranar ta zama ta hutun motsa jiki.

Tsakanin Magariba da Isha akwai awa guda da 'yan mintoci, kuma shi ne lokaci mafi tsada a gidan. Maigida da yake zama karatun masallaci ko na zaure kullum ya rage zuwa kwana 3, sauran ya dawo gida ya karɓi haddar yara. Islamiyyar matan aure yawanci Asabar da Lahadi ce ko da daddare, kuma ba ta yiwuwa sai an san wanda zai riƙe yara. Maigida ya faɗa da bakinsa: "Asabar daga 9:00 zuwa 12:00 yara suna hannuna." A kwanakin al'ada uwargida kada ta saki lokacinta, ta cika shi da azkar da sauraren karatu, don idan aka bar gurbin mako guda wani aiki ne zai shige shi.

Motsa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2. Minti 30 sau 5 ya kai ƙaramin ma'aunin. Alamar matsakaici ita ce numfashi ya ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya jan dogon baiti. Tafiyar zuwa kasuwa ana tsayawa gaisawa ba ta ciki.

Ga maigida, ya fi sauƙi ya fita Asuba da takalmin tafiya, idan an sallame ya yi minti 15 gaba, 15 dawowa, kusan kilomita 2 da rabi zuwa 3, yana azkar ɗin safe a hanya. Silifas ba na wannan aiki ba ne, yana jawo ciwon diddige. Ga uwargida kuwa Asuba ita ce lokacin da aiki ya fi yi mata yawa, ga abin kari ga shirin makaranta, don haka nata ya fi dacewa da hantsi bayan yara sun fita, ko bayan La'asar. Ba sai ta fita ba: zagaya tsakar gida da sauri, taka dakali a hau a sauka, ko tsallen igiya ga wadda gwiwarta lafiya. Ana iya raba shi minti 10 sau 3. Daka, wankin hannu da ɗebo ruwa suna shiga lissafi, amma tsayuwa a kicin gajiya ce kawai.

Na ƙarfafa tsoka minti 15 ya isa, kuma ana iya yi tare a ɗaki. A zauna a kujera a miƙe ba tare da dafa komai ba, sau 12. A dafa bango da hannu biyu a matso da ƙirji a tura, sau 10. A riƙe gorar ruwa mai lita 1 da rabi a kowane hannu a ɗaga sama da kai, sau 12. A huta minti guda, a maimaita sau 3. Mai son nauyi ya yi amfani da jarka, amma ya tuna mai lita 25 idan ta cika kilo 25 ce. A fara da rabi, a lanƙwasa gwiwa wajen ɗauka, baya a miƙe. Sunkuyawa da ƙugu wajen ɗaukar nauyi yana iya jawo ciwon baya.

Magidancin da ke zaune a shago ko ofis duk mako sannan ya shiga fili ranar Lahadi ya buga ƙwallo minti 90 da samari, shi ne ya fi samun targaɗe da yagewar tsokar cinya. Ya ɗumama jiki minti 10 tukuna, kuma ya yi tafiyar tsakiyar mako. Mai hawan jini, ciwon siga ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take. Mai ciki tana iya tafiya idan an ce mata a wajen awo babu matsala. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ta jira dubawar mako 6 kafin ɗaga nauyi ko tsalle.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, don haka a gama kafin 7:30 na safe, a sha ruwa kofi 2 kafin fita. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri mai asma ya yi nasa a ɗaki. Da azumi a koma tafiya mai sauƙi minti 20 dab da shan ruwa, ko bayan asham.

Kallo, majalisa da abin sha'awa

Ƙwallon Turai tana da lokutan da za a iya sani tun kafin mako ya shiga. Manyan wasannin gasar zakarun Turai, Talata da Laraba, suna farawa 9:00 na dare agogon Najeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, a tashi kusan 11:00. Sauran watanni 8:00, daidai lokacin Isha. Wasannin Ingila na yammacin Asabar suna farawa 4:00 a lokacin sanyinsu, kan La'asar. Mai kallo ya zaɓi wasa 2 a mako, ya yi salla kafin ya zauna, washegarin wasan dare kuma ta zama ranar da ba ya fita tafiya. Majalisa ma haka: a yanka mata kwana 2 ko 3 da lokacin tashi. Wanda yake dawowa 11:30 kullum ya tarar da iyali sun yi barci, a aikace baƙo ne a gidansa.

Fim mai dogon zango da littattafan da ake turawa ta WhatsApp suna cin dare ne saboda kowane kashi a kan rataye yake ƙarewa. A sauke kashi ɗaya da rana, a kashe data, a kalla tare. Idan YouTube ne a kashe maɓallin da ke kunna na gaba da kansa. Wayoyin Android suna da Digital Wellbeing, iPhone kuma Screen Time, inda ake ganin awannin da TikTok da Facebook suka ci, a kuma sa musu iyaka, misali minti 40 a yini. Kowa ya duba tasa wayar, kada abin ya koma binciken juna.

Kowane ɗaya yana buƙatar abin kansa na awa 2 a mako: ɗinki, saƙa, kiwon tattabaru, dara, ko lambun buhu, inda alayyafo yake isa yanka cikin mako 3 zuwa 4. Abin lura guda: da zarar an fara karɓar kuɗin mutane a kai, ya zama sana'a mai wa'adi, sai a nemi wani abin hutawa.

Zaman minti 15

Daren Alhamis a zauna da takarda a rubuta abin da ke tafe: ɗaurin aure, suna, dubiya, wasan da za a kalla, wanda zai riƙe yara. Zumunci ba a yanke shi, amma ba kowane biki ne sai an halarci kamu da yini da walima duka ba. A zaɓi ɗaya. Mai mata fiye da ɗaya ya tsara nasa bisa rabon kwana, kada majalisa ko gidan kallo su riƙa faɗawa a kwanan mutum ɗaya, domin daga nan ƙorafi yake tasowa.

A kuma yanke tun yanzu abin da za a riƙe a makon da komai ya rikice, kamar rasuwa, jinyar yaro ko baƙi daga ƙauye: farilla a kan lokaci, shafi 1 na Alƙur'ani, tafiyar minti 10. Idan al'amura suka lafa ba a rama abin da ya wuce, sai a koma tsarin daga Asubar da ta biyo, a yi rabin motsa jikin a makon farko.