Yadda Za Ka Zaɓi Firam ɗin Tabarau da Zai Karɓi Fuskarka

Da farko ka tsaya gaban madubi, ka cire hula. Mace kuma ta ɗan janye ɗankwali baya. Dubi goshi, kunci da haɓa, ina ne ya fi faɗi?

Na biyu, zaɓi firam da ya saɓa wa siffar fuskar. Mai zagayayyar fuska da kumatu, firam mai kusurwa huɗu ne nasa, yana sa fuskar ta ɗan yi tsawo. Mai faffaɗan muƙamuƙi ya nemi mai zagaye. Doguwar fuska tana son firam mai zurfi daga sama zuwa ƙasa. Idan goshi ya yi faɗi haɓa ta tsuke, siririn firam mara nauyi ya fi. Mai fuska kamar ƙwai kuwa ya huta, kusan komai na karɓarsa.

Na uku, duba lambobin da ke cikin hannun firam, misali 52-18-140: faɗin gilashi, ratar karan hanci, da tsawon hannun, duk a milimita. Wanda ba ya hangen nesa kuma lambar gilashin da likitan ido ya rubuta masa ta yi yawa, ya ɗauki ƙaramin firam, don a babba gefen gilashin kauri yake yi.

Sai ka saka. Ƙwayar ido ta zauna kusa da tsakiyar gilashi, kada firam ya rufe gira. Yi murmushi, idan kunci ya ɗaga shi, ajiye. Sannan ka sunkuya kamar mai ruku'u. Na taɓa sayen wani don kyansa kawai, kullum a sallah sai ya zame zuwa ƙarshen hanci.