Yadda ɗalibi zai warware tambayoyin aiki, makamashi da saurin aiki a darasin fiziks

Wahalar farko da ɗalibi Bahaushe yake haɗuwa da ita a wannan babi tana cikin harshe ne tun kafin a zo kan lissafi, domin kalmar "ƙarfi" a maganarmu ta yau da kullum tana ɗauke da abubuwa uku da ilimin fiziks ya raba su. Muna cewa jaki yana da ƙarfi, muna cewa abinci yana ba da ƙarfi, muna kuma cewa wannan janareta ya fi wancan ƙarfi, alhali kuwa na farko turi ne ko ja, na biyu makamashi ne, na uku kuma yawan aikin da ake yi ne cikin kowace daƙiƙa. Saboda haka a wannan bayani zan tsaya a kan sunaye huɗu ba tare da na cakuɗa su ba: ƙarfi, wato turi ko ja, wanda ake aunawa da nuton, alamarsa F, aiki, wanda ake aunawa da jul, alamarsa W, makamashi, shi ma da jul, sai saurin aiki, wanda ake aunawa da wat, alamarsa P. Haka nan kalmar "nauyi" tana da fuska biyu. Abin da sikeli yake nunawa a kilogiram shi ne m, ƙarfin da ƙasa take jan wannan abu da shi kuwa shi ne m × g, kuma da nuton ake auna shi. Ita g tana nufin ƙarfin da ƙasa take jan kowane kilogiram ɗaya da shi, darajarta kusan 9.8 ce, amma tambayoyin WAEC da NECO da JAMB sukan umarci ɗalibi ya ɗauke ta a matsayin 10, kuma ita zan yi amfani da ita a nan.

Kafin ka taɓa lissafi, yi ɗan zane

Duk tambayar da aka ba ka, fara da zana abin da ake magana a kai, ko da murabba'i ne kawai, sannan ka ja kibiya ɗaya mai nuna inda ƙarfi ya nufa, ka ja wata mai nuna inda abin ya tafi. Wannan ɗan zane shi ne yake gaya maka ko an yi aiki ko ba a yi ba, domin a fiziks aiki shi ne ƙarfi sau nisan da abu ya matsa ta fuskar da ƙarfin yake tura shi: W = F × s.

Ga yarinya a bakin rijiya tana jan guga mai ɗauke da ruwa lita 10. Lita ɗaya ta ruwa kilogiram ɗaya ce, don haka m = 10 idan muka bar nauyin gugan kansa a gefe, kuma ƙarfin da za ta ja da shi don gugan ya taso a hankali ba tare da fizga ba shi ne 10 × 10, wato nuton 100. Idan daga kan ruwa zuwa bakin rijiyar mita 12 ne, to aikin da ta yi shi ne 100 × 12, wato jul 1,200. Kibiyar ƙarfi tana kallon sama, kibiyar tafiya ita ma tana kallon sama, shi ya sa lissafin ya zo kai tsaye.

Yanzu kuma ga lebura ya ɗauki buhun siminti mai kilogiram 50 a ka, ya yi tafiyar mita 100 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da ya ƙara gudu ko ya rage ba. A nan ne ɗalibai da yawa suke rubuta 500 × 100, su sami jul 50,000, su rasa makin tambayar. Ƙarfin da kan leburan yake tallafe buhun da shi sama yake kallo, tafiyar kuwa gaba ake yin ta, kuma buhun bai ƙara tsawo daga ƙasa ko da taki ɗaya ba, saboda haka aikin da wannan ƙarfi ya yi a kan buhun sifiri ne. Na sha ganin ɗalibai suna jin wannan amsa kamar an tauye haƙƙin leburan, kuma na fahimci dalilinsu, tunda gumi yana zuba masa. Bayanin shi ne jijiyoyin naman jikinsa suna ta ɗaurewa suna saki a duk tsawon tafiyar, suna cin makamashin abincin da ya ci suna mayar da shi zafi a cikin jikinsa, amma babu ko jul ɗaya da ya shiga buhun. Inda ya yi aiki a kan buhun shi ne lokacin da ya ɗaga shi daga ƙasa zuwa kansa, misali mita 1.5, wanda ya ba da jul 750, da kuma lokacin da zai hau da shi bene mai tsawon mita 3, wanda zai ba da jul 1,500.

Tsakanin waɗannan misalai biyu akwai na uku, inda kibiyoyin ba su haɗu ba kuma ba su yi gicciye sosai ba. Idan mutum yana jan kaya a ƙasa da igiya, igiyar ta karkata sama da kusurwa, to wani ɓangare ne kawai na ƙarfinsa yake tafiyar da kayan gaba, kuma a nan ake rubuta W = F × s × cos θ, inda θ take nufin kusurwar da ke tsakanin kibiyoyin biyu, cos θ kuwa lamba ce da kalkuleta ko teburin lissafi yake bayarwa ga kowace kusurwa. Da ƙarfin nuton 200, nisan mita 10, da kusurwar digiri 60 wadda cos ɗinta rabi ne, aikin zai zama jul 1,000. Idan ka lura, wannan ƙa'ida ta haɗa misalan baya duka: a rijiya kusurwar sifiri ce, cos ɗinta 1, a wajen lebura kuwa digiri 90 ce, cos ɗinta sifiri.

Gyara ma'aunai tun da wuri

Mataki na biyu gajere ne, amma shi ne ya fi cinye maki. A mayar da giram kilogiram, santimita mita, minti daƙiƙa, kafin a saka kowace lamba cikin ƙa'ida. Gudun da aka bayar da kilomita a awa kuma a raba shi da 3.6 don ya koma mita a daƙiƙa, ta yadda kilomita 36 a awa zai zama mita 10 a daƙiƙa, kilomita 72 kuma ya zama mita 20.

Bi sawun makamashi

Makamashi shi ne abin da yake ba da damar yin aiki, kuma duk lokacin da aka yi aiki, makamashi ne ya tashi daga wani wuri ya koma wani, ko ya sauya kama. Wannan ne ya sa su biyun suke da ma'auni ɗaya. Nau'i biyu ne suka fi fitowa a jarrabawa. Na farko makamashin matsayi, wanda abu yake da shi saboda tsawonsa daga ƙasa, lissafinsa m × g × h. Na biyu makamashin motsi, wanda abu yake da shi saboda gudunsa, lissafinsa ½ × m × v², inda v take nufin gudu. Jul 1,200 ɗin da yarinyar can ta kashe bai ɓace ba, yana nan a jikin ruwan da ke bakin rijiya a matsayin makamashin matsayi, kuma da igiyar za ta kuɓuce mata, da ya koma makamashin motsi yayin da gugan yake komawa ƙasa.

Dabarar da nake son ɗalibi ya saba da ita ita ce ya tambayi kansa abu biyu: a ina makamashin yake da farko, kuma ina ya koma a ƙarshe? Ɗauki mangwaro mai giram 200, wato kilogiram 0.2, wanda ya faɗo daga reshe mai tsawon mita 5. A kan reshe makamashinsa 0.2 × 10 × 5 ne, wato jul 10. Idan aka yi watsi da tirjiyar iska, duk jul goman nan ya zama na motsi a daidai lokacin da zai taɓa ƙasa, don haka ½ × 0.2 × v² = 10, wanda ya ba da v² = 100, gudun kuma mita 10 a daƙiƙa. Ba mu nemi tsawon lokacin faɗuwar ba, ba mu kuma taɓa ƙa'idojin motsi ba, amma amsar ta fito cikin layi uku. Idan ka sake lissafin da mangwaro mai ninkin wannan nauyi, gudun ba zai canza ba, domin m tana ɓangarorin biyu kuma tana soke kanta.

Akwai abin da ya kamata a daɗe a kansa a ƙa'idar makamashin motsi, wato wannan ƙaramar 2 da ke saman v, domin amfaninta ya wuce ɗakin jarrabawa. Babur da mai tuƙa shi, jimillarsu kilogiram 150, idan suna gudun mita 10 a daƙiƙa suna ɗauke da ½ × 150 × 100, wato jul 7,500. Idan gudun ya ninka ya zama mita 20 a daƙiƙa, makamashin zai zama ½ × 150 × 400, wato jul 30,000, ninki huɗu ke nan. Kafin babur ya tsaya dole birki ya yi aikin da zai cinye wannan makamashi gaba ɗaya ya mayar da shi zafi, kuma idan ƙarfin tsayarwar nuton 1,500 ne a duka lokutan biyu, to a gudu na farko babur zai tsaya bayan mita 5, a na biyu kuwa sai ya ci mita 20. Yaron da ya tsallaka titi mita 10 a gaban babur ɗin yana tsira a hali na farko, a na biyu kuwa babur ɗin yana isa gare shi da sauran gudu mai yawa. Ina fata duk ɗalibin da yake hawa babur zai riƙe wannan lissafi.

Zafin da ke fitowa daga birki shi ne amsar tambayar da ɗalibai suke yawan yi, cewa ina makamashi yake zuwa idan abu ya tsaya. James Prescott Joule, masanin Ingila wanda aka haifa a 1818 ya rasu a 1889, kuma wanda aka sa wa ma'aunin jul sunansa, shi ne ya nuna haka da gwaji, inda ya bar wani nauyi yana sauka yana juya filafilai a cikin ruwa, sannan ya auna yadda ɗumin ruwan ya ƙaru. A ma'aunin yau, kusan jul 4.2 ake buƙata don a ƙara wa giram ɗaya na ruwa ɗumin digiri ɗaya. Don haka idan tambaya ta ambaci gogayya, ka cire aikin da gogayyar ta ci, wato ƙarfinta sau nisa, daga makamashin farko, abin da ya rage shi ne na motsi.

Sai a shigo da lokaci

Saurin aiki shi ne aiki a raba da lokaci: P = W ÷ t, kuma wat ɗaya yana nufin jul ɗaya a kowace daƙiƙa. Idan yarinyar rijiya ta fito da gugan cikin daƙiƙa 30, saurin aikinta wat 40 ne, idan kuma yayanta ya fito da irin wannan guga cikin daƙiƙa 20, nasa wat 60 ne, duk da cewa aikin da suka yi ɗaya ne, jul 1,200. Ka kula da lafazin tambaya, domin idan ba a ambaci lokaci ko gudu ba, da wuya a ce saurin aiki ake nema. Idan gudu aka bayar, kuma ƙarfin yana fuskantar inda ake tafiya, to akwai gajeriyar hanya, P = F × v. Sunan wat daga James Watt ya samo asali, injiniyan Sikotland da ya rayu daga 1736 zuwa 1819, wanda ya riƙa kwatanta injinan tururinsa da dawakai don masu saye su gane, kuma daga nan ne ma'aunin ƙarfin doki ya fito, wanda yake kusan wat 746, har yau kuma ana rubuta shi a jikin injinan ban ruwa.

Kana iya auna naka saurin aikin da agogon waya da ma'aunin tela. Auna tsawon matakala ɗaya ta bene, ka ƙirga yawansu, ka sa aboki ya riƙe agogo yayin da kake hawa da gudu. Matakala 20 masu santimita 15 kowace sun ba da mita 3, kuma ɗalibi mai kilogiram 50 da ya haye su cikin daƙiƙa 6 ya yi aikin jul 1,500 da saurin wat 250. Tsawon da aka hau a tsaye ake aunawa, kada ka bi gangaren benen da ma'auni.

Babu injin da yake mayar da duk abin da ya ci ya zama aiki mai amfani, kuma rabon da ke tsakanin abin da ya fito da abin da ya shiga shi ake kira ingancin inji. A ce famfon rijiyar burtsatse ya ɗaga ruwa lita 1,000 zuwa tanki, tsawon daga kan ruwan ƙasa zuwa tankin mita 30, cikin minti 20. Aikin shi ne 1,000 × 10 × 30, wato jul 300,000, lokacin kuma daƙiƙa 1,200, saurin aiki mai amfani ya zama wat 250. Idan famfon yana jan wat 750 daga lantarki, ingancinsa 250 ÷ 750 ne, kusan kashi 33 cikin ɗari, sauran kuma ya tafi a zafin inji da gogayyar ruwa a cikin bututu. Duk lokacin da lissafinka ya ba ka inganci sama da kashi ɗari, ka koma baya, domin ka juya lambobin ne. Madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968 a kan kogin Neja wannan lissafi ne aka juya shi: ruwa yana saukowa daga sama, makamashin matsayinsa yana juya injina, su kuma suna ba da lantarki.

Abu na ƙarshe da yake rikita ɗalibai shi ne kilowat-awa, wato yunit ɗin da ake saye a saka a mitar gida. Saboda kalmar kilowat da ke cikinsa, da yawa suna ɗaukarsa ma'aunin saurin aiki, alhali ma'aunin makamashi ne, tunda saurin aiki ne aka ninka da lokaci: wat 1,000 sau daƙiƙa 3,600, wato jul 3,600,000. Dutsen guga mai wat 1,000 da ya yi awa biyu yana ci ya sha yunit biyu, ƙwan lantarki mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 yana haske kafin ya cinye yunit ɗaya. A irin wannan tambaya kaɗai ake barin lokaci a awa, a kuma mayar da wat kilowat ta hanyar rabawa da 1,000, sannan a ninka yawan yunit da kuɗin da tambayar ta bayar. Idan kana son ka ji girman yunit ɗaya a jikinka, raba 3,600,000 da 1,200, za ka ga cewa sai yarinyar can ta ja guga 3,000 daga rijiyarta kafin aikinta ya kai shi.