Shirin ajiye aiki a Kano: gyara takardunka tun albashi bai tsaya ba

Shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika, ita ke sallamar yawancin ma'aikatan gwamnati. Kowa ya san ranarsa tun yana kan kujera, saboda haka a fara shiri da saura shekara guda. Wanda ya bari sai ya karɓi takardar ritaya, shi ne ke yin watanni babu albashi babu fansho.

Ka fara sanin tsarin da kake ciki, domin uku ne a Kano. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 44 suna ƙarƙashin hukumar amintattun asusun fansho ta jiha, bisa dokar 2006. Ana cire kashi 8 cikin 100 a albashinka, gwamnati ta sa nata kason (kashi 17 ne a dokar 2006), kuɗin ya shiga asusu ɗaya na kowa. Shekarun aikinka da albashinka na ƙarshe ne ke yanke fanshonka da garatutinka. Garatuti kuwa rukuni-rukuni ake biya, kada ka ci bashi a kansa.

Ma'aikacin tarayya da na kamfani suna kan dokar fansho ta tarayya ta 2004 da aka sabunta a 2014: kai kashi 8, mai aikin kashi 10, a asusunka na kanka wajen kamfanin fansho, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana sa ido. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka ajiye aiki zuwa ƙarshen Yunin 2007 kuma hukumar PTAD, mai kula da tsohon tsarin fansho, ke biyansu, kuma tana neman su riƙa tabbatar da cewa suna raye da hoton fuska ta waya. Wanda bai yi ba ana iya tsayar masa da kuɗi.

Takardun da za ka haɗa: ta kama aiki, ta tabbatarwa a aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardun albashin watanni ukun ƙarshe, shaidar haihuwa ko rantsuwar kotu, lambar NIN, da asusun banki mai sunanka. Nan ne fayil ke maƙalewa. A takardar kama aiki an rubuta Mohammed, a NIN Muhammad, a banki an ƙara sunan unguwa, Gwale ko Fagge, a matsayin sunan mahaifi. A wajen kwamfuta mutum uku ne. Ranar haihuwa ma haka, wadda ka bayar ranar da aka ɗauke ka ita ce a fayil, sabuwar rantsuwa ba ta goge ta. Idan ka buɗe asusun fansho kafin Yulin 2019, je kamfanin su sabunta bayananka. Ka kuma karɓi takardar bayanin asusun ka bi ta wata-wata. Duk watan da aka cire maka amma bai shiga ba, ka bi sawunsa yanzu da kake da ƙafa a ofis. Ma'aikacin tarayya da ya kama aiki kafin Yulin 2004 kada ya tsallake tantancewar PenCom, da ita ake lissafa haƙƙinsa na shekarun baya.

Mai asusun kansa yana da zaɓin da ya kamata ya kwana a kai. Bayan kuɗin da za a ba ka a dunƙule, wanda ya danganta da shekarunka, albashinka da abin da ka tara, ragowar hanya biyu gare ta. Ko ta zauna a kamfanin fansho ana juya ta ana biyanka duk wata. Idan rai ya yi halinsa, abin da ya saura na magada ne, amma in an yi tsawon rai yana iya ƙarewa. Ko a miƙa ta ga kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rayuwa. A nan lamunin shekara 10 ne: wanda ya rasu a cikinsu, magada su karɓi cikon shekarun, bayan haka ba su da komai. Daga ta farko ana iya komawa ta biyu, amma daga inshora babu dawowa. Mai ƙananan yara ya auna wannan sosai kafin dillali ya sa shi sa hannu. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ya nemi a mai da kuɗinsa Asusu na 6, rukunin asusun fansho marar ruwa da aka buɗe a 2021, ana zuba shi a sukuk (takardun zuba jari na Musulunci) da makamantansa.

Idan ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, kuɗinka ne. Cike takardar neman a dawo da shi ta ofishinka zuwa bankin gidaje na tarayya, ba ya zuwa da kansa.

Sunan da ka rubuta a gurbin makusanci ba ya mai da mutum magaji shi kaɗai. Kafin a saki kuɗin mamaci sai iyali sun kawo shaidar rasuwa da takardar kotu, sannan a raba bisa gado. Nuna wa uwargida ko babban ɗa inda fayil yake da lambar asusun tun kana da lafiya.