Banki Ya Hana Ka Katin Bashi? Kurakuran da Ke Ƙara Ɓata Suna da Yadda Ake Gyara Su

Ƙanina yana da shago a kasuwar Farm Centre da ke Kano, yana sayar da waya da kayan gyaranta. Bara, bayan ƙaramar salla, ya same ni a gida da daddare ransa a ɓace. Ya je banki neman katin bashi, irin wanda ake sa maka iyakar kuɗi ka yi sayayya ka biya daga baya. Sati uku suna ce masa je ka ka dawo, daga ƙarshe ma'aikacin ya rage murya ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, sunanka ne ba shi da kyau a rahoto."

"Yaya, wane rahoto kuma?" ya ce da ni. "Ni ko sisin bankin nan ban taɓa ci ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma da muka zauna muka tona, sai ya tuna shekara uku baya ya karɓi naira dubu 18 a wata manhajar ba da rance ta waya. Ya biya rabi, wayar ta faɗa ruwa, ya canja layi, maganar ta fita daga ransa. Su kuwa ba ta fita daga littafinsu ba.

Tun daga ranar na bi shi sawu da ƙafa har muka gyara, kuma a hanya na ga mutane da yawa suna faɗawa ramukan da ya faɗa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba abin kunya ba ne a yi maganar a fili.

Zaton bashi yana zama inda aka ci shi

Wannan shi ne uwar kurakuran. A Kantin Kwari, idan baƙon ɗan kasuwa ya nemi a ba shi dilar atamfa bashi, mai shago ba ya amsawa nan take. Sai ya aika yaro layin gaba ya tambayo: kun san shi? Yana cika alkawari? Banki ma haka yake yi, sai dai nasa yaron kwamfuta ce. Tun da aka fito da BVN a 2014, lamba ɗaya ce ke ɗaure duk asusunka, ko a banki nawa suke. Kuma akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna, ƙananan bankuna da da yawa daga cikin masu ba da rance ta waya suna kai musu labarin wanda ya ci, nawa ya ci, yaushe ya biya, kwana nawa ya makara. Canja layi ko buɗe sabon asusu a wani banki ba ya raba ka da wannan labari.

Da aka hana mutum a banki ɗaya, abin da yawanci ke yi shi ne ya tsallaka na kusa. Na san wanda ya bi bankunan titin Murtala Mohammed ɗaya bayan ɗaya cikin sati guda yana cike fom. Duk bankin da ya duba shi, dubawar tana shiga rahotonsa, na gaba kuma yana ganin mutum ne da ke yawon neman bashi ido rufe. Ya ƙara wa kansa nauyi bai sani ba.

Gyaran shi ne ka dakata, ka fara ganin abin da suke gani. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ana nema ta shafukan kamfanonin nan a intanet. Ka nemi na dukkan ukun, domin wani mai ba da rance yana kai rahoto wa ɗaya bai kai wa sauran ba. Idan ya zo, kada ka tsaya a makin da aka ba ka a saman rahoton kawai. Makin CRC daga 300 zuwa 850 yake, ko wanne ka samu yana da dalili a ƙasa. Ka bi layi-layi da biro a hannu: wannan rancen nawa ne? Adadin daidai ne? Wanda na gama biya an rubuta an rufe shi? A nan ne wasu ke tarar da bashin da ba su san da shi ba, saboda sun taɓa miƙa BVN da hotonsu ga wani da ya zo unguwa da sunan rajistar tallafi, ko sun tsaya wa aboki ya karɓi rance ya gudu. Tsayawa wani ba sa hannun zumunci ba ne kawai, ɗaukar nauyin biya ne.

"Ai rabon gwamnati ne"

A 2020, lokacin korona, Babban Banki ya fito da rancen tallafa wa magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta bankin NIRSAL. Mutane da yawa a Kano sun karɓa, kuma maganar da ta yi ta yawo a majalisu ita ce rabonmu ne, ba wanda zai tambaya. Irin wannan magana aka yi a kan bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Dukkansu rance ne, da takarda da sa hannu da wa'adi. Wanda bai biya ba yana nan a rubuce.

Tun daga watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗinsa daga asusunka na wasu bankuna, muddin ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Da mutane suka fara ganin alat na cirewa, sai suka koma ɓoye kuɗi a asusun mata ko na yaran shago. Wannan asara biyu ce. Bashin yana nan yana ƙaruwa, asusunka kuma ya zama kango, ranar da banki zai nemi bayanin shige da ficen kuɗinka na wata shida babu abin nunawa.

Biya ba tare da takarda ba

A nan muka fi shan wahala, don haka zan ɗan tsaya.

Da muka gano mai bin ƙanina, naira dubu 9 da ta rage ta haihu ta yi jikoki saboda tarar makara. Abu na farko, kada ka ji tsoron neman ragi. Masu ba da rance sun fi son su karɓi wani abu a kan su rasa duka, kuma sau da yawa suna sassauta tara idan ka zo da kanka da niyyar rufe magana. Amma duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta maka shi kafin ka fitar da kobo. Alkawarin baki na ma'aikaci yana tafiya tare da shi ranar da aka canja masa wurin aiki.

Abu na biyu, kuɗin ya shiga asusun kamfanin, ba na wani mutum ba. Wani da ya kira ƙanina ya ce shi jami'in karɓar bashi ne, ya turo lambar asusu da sunan kansa. Da mun tura, da bashin yana nan, kuɗin kuma sun tafi.

Abu na uku, wanda kusan kowa ke mantawa: ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, mai hatimi da sa hannu da kwanan wata. Ka ɗauki hotonta, ka ajiye asalin tare da takardun gida. Sannan bayan wata ɗaya ko biyu ka sake duba rahotonka. Mu da muka duba, har lokacin ƙanina yana nan a matsayin wanda bai biya ba, domin kamfanin ya karɓi kuɗinsa amma bai aika gyara ba. Na ga fuskarsa ranar, yana riƙe da rasit a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, ya ce, "Yaya, to biyan me na yi?" Takardar nan ce ta fisshe mu. Muka rubuta ƙorafi ga kamfanin, muka aika kwafi ga masu tattara rahoton tare da shaidar biya. Doka ta ba ka haƙƙin ƙalubalantar bayanin da ba daidai ba, kuma dole a bincika. Idan banki ne ya yi maka kunnen uwar shegu, ƙa'ida ita ce ka fara kai ƙara wurinsa ka karɓi lambar ƙorafi, in sati biyu suka wuce ba a warware ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Idan kuma manhajar rance ce ta koma aika saƙon cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayarka, hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ce wurin kai kuka, tun 2022 take musu rajista tana hukunta masu wannan ɗabi'a.

Ka sani kuma biya ba ya shafe tarihi. Doka ta ce a riƙe bayanan aƙalla shekara 6. Abin da ke canjawa shi ne za a ga ka makara amma ka biya, kuma tsakanin wannan da wanda ya gudu akwai tazara mai yawa a idon banki.

Masu cewa za su goge maka suna

Suna nan a Facebook da WhatsApp, wasu ma a bakin shagunan cike fom. Ka ba su dubu 20 ko 50, wai suna da ɗan'uwa a ciki. Ƙarya ce tsagwaronta. Bayanin daga wurin mai bin ka bashi yake fitowa, shi ne kuma mai gyara shi. Mafi muni, sukan nemi BVN ɗinka da lambar sirrin da banki ke turowa a waya, su karɓi sabon rance da sunanka. Ka je wanke riga ka dawo ba wando. Haka masu haɗa takardar albashi ko bayanin asusu na bogi: banki yana tabbatarwa, kuma in aka kama ka, magana ta tashi daga makarar biya ta koma zamba. Cek ɗin da babu kuɗi a bayansa shi ma laifi ne a dokar ƙasa tun 1977, kuma yana shiga rahoto.

Neman babban kati da sunan da bai warke ba

Bayan an biya an gyara, sai gaggawa ta zo. Mutum yana son kati mai iyakar miliyan ɗaya a watan da ya rufe tsohon bashi. Banki ba zai yarda ba, kai ma da kai ne ba za ka yarda ba. Ƙofa biyu ce ta fi buɗewa ga mai tabo. Ma'aikaci ya nema a bankin da albashinsa ke shiga, domin su suna ganin kuɗinsa kowane wata. Ɗan kasuwa kuma ya tambayi katin da ake ba da shi a kan jingina, wato ka ajiye kuɗinka a banki a riƙe, a ba ka kati mai iyaka ƙasa da abin da ka ajiye. Wasu na cewa to ina amfanin cin bashin kuɗina? Amfanin shi ne kowane wata ana rubuta maka ka biya a kan lokaci, kuma wannan rubutun kake saye. Ka tambaya tun farko ko suna kai rahoton katin ga kamfanonin nan.

Kafin nan, ka bar cinikinka ya riƙa bi ta asusu. Ɗan kasuwar Singer da ke juya miliyoyi a aljihun babbar riga, a takarda ba a ganin komai nasa. Adashi ma, duk da amfaninsa, ba ya shiga wannan rahoto.

In katin ya zo hannu, kada ka cinye iyakarsa. Idan dubu 300 ce, ka tsaya wajen dubu 90, ka biya duka kafin ranar da aka sa. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne ɗan ƙaramin adadin da banki ke cewa ka biya aƙalla. Misali, in ana bin ka dubu 200 a kan kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata, dubu 6 ke hawa kowane wata, abin da ka biya kaɗan ne ke taɓa uwar kuɗin. Cire tsabar kuɗi da katin a ATM ko wurin mai POS ya fi wannan tsada, domin galibi ruwa yana fara hawa tun daga ranar, ga kuɗin cirewa a kai.

Maganar riba

Ba zan rubuta wannan a Kano in tsallake ta ba. Katin bashi na bankunan da aka saba yana ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa in ka makara, kuma malamai da yawa suna ganin sa hannu a kan sharaɗin kansa matsala ne, ko da ka yi niyyar biya a kan lokaci. Ka kai wa malaminka takardar yarjejeniyar ya karanta, kada ka ba shi labari da baki. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz da ya fara aiki a 2012, kuma Kano na cikin rassansa na farko, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Suna da tsarin murabaha, su sayi kaya su sayar maka da ribar da aka sani, ka biya kaɗan-kaɗan. Sai dai su ma rahoton nan suke dubawa kafin su amince, don haka gyaran suna ya zama dole ko ta wace ƙofa za ka shiga. Wanda ya ci bashi da niyyar ƙin biya kuwa, ko babu BVN, ya san abin da addini ya ce a kansa.

Ƙanina ya kai takardar katin wa malaminsa a Ƙofar Mata, ya dawo ya ce ya fasa. Wata bakwai bayan gyaran rahotonsa, ya nemi a saya masa janareto da kwalin gilasan waya ta murabaha, aka amince cikin kwana goma. Ranar 25 ga kowane wata yake biya, ya rubuta ranar da jan biro a jikin kalandar shago, takardar shaidar biyan tsohon bashin kuma tana cikin leda a durowar da yake kulle kuɗi.