Haldol da Largactil: kurakuran da na gaji da ganin masu jinya suna maimaitawa

Duk bayan sati huɗu nakan raka ƙanena mai larurar taɓin hankali asibiti a yi masa allurarsa, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. A bencin jira ba sai an nuna mini sabon zuwa ba. Ko dai uwa ce riƙe da leda cike da kwalayen magani, ko wani magidanci da ya taso daga ƙauye yana ta jujjuya takardar likita bai san kanta ba. Mu gaisa, mu taɓa hira, kafin a kira su sai in ji labarin da na riga na sani, domin ta nan na biyo. Na gaji da faɗa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ba likita ba ce, yayar mai larura ce, kuma abin da zan faɗa ba ya maye gurbin maganar likitanku.

Magungunan da aka fi rubuta mana a nan Yamai su ne Haldol da Largactil, wani lokaci risferidon ko olanzafin. Ana ba da su ga wanda ke jin muryoyin da babu mai yin su, ko yake zargin ana farautarsa ko ana sa masa guba, ko hankalinsa ya tashi har ya daina barci yana ta surutu da ɓarna. Wani kawuna ya taɓa cewa gwaji ake yi a kan ƴaƴan talakawa. Ba haka ba ne. Tun 1952 aka fara ba masu taɓin hankali Largactil a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, Haldol kuwa a Beljiyam aka haɗa shi a 1958. Sun girmi yawancinmu. Aikinsu shi ne rage ƙarfin wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin. To amma wannan dofamin ɗin shi ne kuma ke daidaita motsin jiki, kuma daga nan kuskurena na farko ya samo asali.

Kwana uku da fara Haldol, bayan magariba, sai wuyan ƙanena ya murɗe gefe guda. Idanunsa suka kafe sama, harshe ya fito, haƙora suka datse shi. Inna ta saka salati. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika da maƙwabta, kowa na cewa iska ce, maganin asibiti ne ya fusata su. Aka kira malam, aka kunna hayaƙi, samari huɗu suka danne shi. Haka muka kwana. Ni da na yi makaranta, ni da na karɓo maganin da hannuna, ban ko tuna in buɗe takardar da ke cikin kwalin ba. Sai da asuba wani majo, wato ma'aikacin jinya, da ke bayan layinmu ya leƙo, kallo ɗaya ya yi masa ya ce a ɗauko shi yanzu. Allura guda aka yi masa, rabin awa ba ta cika ba wuya ya saki.

Abin da ya ce mini bayan ya dawo daidai har yau yana ci mini rai: “Yaya, duk abin da kuke faɗi ina ji, magana ce kawai na kasa. Hayaƙin nan na ɗauka mutuwa zan yi.”

Ku ji da kyau. Murɗewar wuya, kafewar ido, fitowar harshe ko sandarewar muƙamuƙi a kwanakin farko na fara maganin, ko bayan an ƙara yawansa, illar magani ce sananniya, kuma ta fi kama samari. Tana da magani, kuma yana aiki nan take. Mai ita yana cikin hayyacinsa, yana jin zafi, yana jin tsoro. Kada a danne shi, kada a ɗura masa rubutu ko ruwa alhali bakinsa a datse, zai iya shaƙewa. In kuwa numfashi ya fara yi masa wuya, to maƙogwaro ya shiga ciki, ko ƙarfe biyun dare ne a nemi abin hawa. Ban ce kada a yi addu'a ba, ni ma ina yi. A yi ta a hanyar asibiti. Tun daga ranar, duk lokacin da aka canza masa magani ko aka ƙara, ba na barin sa ya kwana shi kaɗai har sati ya zagayo.

Kuskure na biyu shi ne ya fi tsada, kuma daren nan ne ya share masa hanya, don tun daga lokacin dangi suka sa wa maganin ido. Wata takwas yana sha, ya murmure, ya koma shagon ɗinkinsa a Bukoki, har an fara zancen aure. Sai Gwaggo ta zo daga Tawa. Ta zaunar da ni ta ce: “Ɗiyata, wa zai ba da ɗiyarsa ga mai shan ƙwaya kullum? Yaro ya warke, ku bar shi ya huta.” Shi ma ya gaji da nauyin jiki da yawan barci. Ni ma, in faɗi gaskiya, na gaji da kuɗin farmasi da kuma fargabar wani ya gan mu a ƙofar Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ya kai labari gidan surukai. Na yarda. Ba mu tambayi kowa ba.

Sati ɗaya lafiya. Wata ɗaya lafiya, har ya fi walwala, saboda nauyin jikin ya tafi. Kowa na cewa kun gani ko. Nan ne tarkon yake, kuma shi nake so sababbin masu jinya su gane: ciwon ba ya dawowa washegarin ranar da aka bar magani. Yakan yi makonni ko watanni yana laɓe. Wanda ke kan allurar wata-wata ma ya fi ruɗar da mutane, don allurar takan daɗe tana fita daga jiki a hankali, sai a ga ya tsallake wata biyu ƙalau a ce ashe da ma ba ya bukatarta. Namu a wata na uku ya fara. Barci ya fara gudu, yana kwana yana zagaya tsakar gida. Sai ya daina cin abincin da ba a gabansa aka dafa ba. Wata safiya muka tashi babu shi.

Kwana tara muna nema. Babu inda ban shiga ba, tashoshi, bakin kogi, Harobanda, har ɗakin ajiye gawa na leƙa. A wajen kasuwar Katako wani mai kabu-kabu ya gane shi, ba takalmi, ƙafa ta kumbura da rauni. Keken ɗinkin da ya tara kuɗinsa shekara uku shi muka sayar muka yi jinya. Auren ya watse. Kuma abin da ba a gaya mini ba sai da na gani da idona: tashi na biyu ya fi na farko wuyar kwanciya. Wancan karon cikin makonni ya dawo, wannan karon sai da aka fi rabin shekara, kuma har yau akwai abin da bai dawo ba a cikin hirarsa da dariyarsa.

Saboda haka in na ji wani a benci yana cewa “ai ya samu sauƙi, muna so mu tsayar”, raina ɓaci yake. Sauƙin da kuke gani, maganin ne ke riƙe da shi! Ko wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya tak, ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce ya ci gaba aƙalla shekara guda bayan alamun sun kwanta, wanda ya maimaita kuwa ya fi haka nesa. In lokacin ragewa ya yi, likita ne zai rage kaɗan-kaɗan yana dubawa. Ku kuma dangin da ke zuwa daga nesa ku kwana biyu ku yanke hukunci ku koma, ku ji tsoron Allah. Ranar da ya ɓace ba ku ne za ku bi rana kuna nuna hotonsa ba. In illa ce ta dame shi, nauyin jiki, rawar hannu, dalalar miyau, a koma a faɗa wa likita. Ana rage yawa, ana canza wani, ana mai da shi na dare. Mu da aka mai da shi allurar Haldol ta sati huɗu, rigimar “ka sha ko ba ka sha ba” ta ƙare a gidanmu.

Sai zafi, wanda kusan ba mai kawo shi a lissafi. Waɗannan magunguna suna rage wa jiki iya sanyaya kansa, Artane da ake haɗawa da su don sassauta jijiyoyi kuma yana rage gumi. Ku haɗa wannan da Afrilu da Mayun Yamai, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Ni dokata a bazara ita ce ba ya fita daga hantsi sai bayan la'asar, gorar ruwa na gefensa, ina ƙirga sau nawa aka cika ta. Azumin 2021, da ya faɗo tsakiyar Afrilu zuwa Mayu, ban bar shi ya ɗauka ba sai da muka tambayi likita da malami, kuma dukansu suka ce ya ajiye. Wasu gidajen suna barin nasu ya yi, a mai da maganin bayan buɗa-baki. Wannan tsakaninku da likitanku, amma kada a tsallake magani don azumi.

Zazzaɓi kuma kada a yi saurin cewa na sauro ne. In jiki ya yi zafi sosai, ya sandare kamar itace, gumi na zuba, hankali ya rikice, akwai wata illa mai wuyar aukuwa amma mai kisa da waɗannan magunguna ke jawowa. A dakatar da shan na gaba, a tafi asibiti da karnensa, wato littafinsa na asibiti, a hannu, a ce musu ga abin da yake sha. Ko da gwaji ya nuna zazzaɓin sauron ne, a faɗa, domin kinin da wasu magungunan zazzaɓi suna taɓa bugun zuciya ta hanyar da Haldol ma ke taɓawa, haɗuwarsu na bukatar idon likita. Mai tallar magani a faranti bai san wannan ba, kuma ba zai tambaye ku ba.

Sauran zan bi su da sauri. Primpéran na amai yana ƙara murɗewar jiki da sandarewa, kada a ba shi sai da sanin likita. Tegretol na farfaɗiya da rifamfisin na tarin fuka suna rage ƙarfin Haldol a jini, sai ciwo ya motsa alhali yana shan magani. Tramol da ake miƙawa a fada yana iya jawo farfaɗiya, giya da Valium kuma suna ninka barcin har ya zama haɗari. Artane ba alewa ba ce, ku riƙe shi a hannunku, akwai samarin da ke nemansa don maye. Mai shan Largactil ya tashi tsaye a hankali, jiri na kayarwa, kuma rana na ƙona masa fata fiye da da. In ya manta bai sha ba, kada a ninka masa washegari. Kada a ɗebi na wani a ba wani don “ciwonsu iri ɗaya”, balle a ba tsohuwa mai ruɗewar tsufa don ta yi shiru, yana ƙara musu haɗarin mutuwa. Mace mai shan risferidon ko Haldol tana iya ganin al'ada ta ɗauke ko nono na ɗiga, illar magani ce da ya kamata a faɗa, amma a yi gwajin ciki tukuna, in kuwa cikin ne kada ta yanke maganin da kanta. Olanzafin na buɗe ciki ƙwarai, a riƙa auna nauyi da sukari.

Akwai guda da ke ruɗar mutane har su yi akasin abin da ya dace. Mai shan magani ya kasa zama wuri ɗaya, yana ta safa da marwa, ƙafafu ba sa tsayawa. Sai gida su ce ciwo ya tashi, su ƙara masa ƙwaya, abin ya ƙaru. Sau da yawa maganin ne da kansa ke sa haka. Ku tambaye shi. Zai ce muku a jikinsa yake jin abin, kamar ana tunkuɗa shi daga ciki, kuma azabarsa na iya kai mutum ga tunanin halaka kansa. Ranar a kai shi asibiti.

Ɗiga masa Haldol na ruwa a fura a ɓoye, na san da yawa suna yi, har wasu na ba da shawarar haka. Ni ba na yi. Mutumin da ciwonsa ke gaya masa ana sa masa abu a abinci, ranar da ya kama ku kun gaskata masa muryoyin, kuma ba zai sake karɓar ko ruwa daga hannunku ba. Lokacin da yake kan ƙwaya, bayan isha'i nake zama kusa da shi, in ba shi a tafin hannu, mu yi hira har ya haɗiye.

Ina da ƙaramin littafi da ke zaune cikin jakata tare da karnensa. Ranar allura, awa nawa ya yi barci, abin da ya canza, duk a ciki. Dare biyu a jere ba barci, ba na jiran ranar da aka ba mu, sai mu tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun saura sati nake sayen allurar in ajiye, saboda an sha zagaya farmasi uku ba a samu ba. Kuma duk wata nakan zauna in kalli bakinsa da yatsunsa yana shan shayi, ko zan ga leɓe na motsi ko harshe na juyawa ba da saninsa ba. Wannan takan zo ne bayan shekaru ana sha, Artane ba ya gyara ta, yana ma iya ƙara ta, kuma in an daɗe ba a lura ba tana iya zama ta dindindin. Bara na fara ganin alamarta a gefen leɓensa, na rubuta, na nuna wa likita, aka rage masa allurar.