Yadda Bakatsine zai shirya wa nutson farko a teku

Mu da muka tashi a Katsina, ruwan da muka sani shi ne na kududdufi da na dam, irin su Jibiya da Zobe da Ajiwa, kuma labarinsa da muka fi ji shi ne na yaran da ya ci da damina. Saboda haka idan ɗanmu da ke karatu a Masar, ko wanda ya yada zango a Jidda bayan Umara, ya ce zai goya tukunyar iska ya nutsa cikin Bahar Maliya, abin da zai ji daga gida shi ne ruwa ba sa'an kwando ba ne. Tsoron yana da tushe, amma mafi yawansa ba a inda haɗarin yake aka ɗora shi ba.

Ka fara cire kifin shak daga ranka. Ire-irensa sun haura 500, galibinsu ba ruwansu da mutum, kuma waɗanda yake kashewa a duk duniya ba su cika wuce goma a shekara ba. Haka kuma ba a buƙatar ka zama ɗan masunta. Ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, tana neman mai son takardar shaidar farko ya yi iyo na mita 200 ba tare da an ƙayyade masa lokaci ba, sannan ya tsaya a saman ruwa minti 10. Wannan kuwa ana iya koyonsa a wurin ninkaya na otal. Kada ka ce za ka gwada a dam, domin ruwansa dagulalle ne, ko tafin hannunka ba za ka gani ba.

Kafin ka biya kuɗin horo, ka ga likita. Mai ciwon sikila, wanda muke da shi da yawa a gidajenmu, bai kamata ya yi nutso ba, haka mai farfaɗiya da mace mai juna biyu, sannan mai asma ko ciwon zuciya sai likita ya sahale masa. Ko mura ce ta kama ka a ranar, ka haƙura, domin toshewar hanci tana hana kunne daidaituwa.

Mutane da yawa suna zaton zallar oksijin ce a cikin tukunyar, irin ta asibiti. Iskar da muke shaƙa ce aka matse, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan 78 naitirojin, kuma zallar oksijin ma guba ce idan aka wuce zurfin mita 6 da ita. A bakin tukunyar akwai regileta, 'yar'uwar ta silindar gas ɗin girki, wadda ke sassauta ƙarfin iskar ta ba ka ita duk lokacin da ka ja numfashi. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, su suka ƙera irinta a 1943. Iskar ba ta ƙarewa bagatatan, domin akwai ma'auni a jikinka, wanda yakan nuna 200 idan tukunya ta cika, kuma ƙa'ida ita ce ka kasance a saman ruwa kafin ya sauka ƙasa da 50. Ban da haka, ba a nutso mutum ɗaya: abokin tafiyarka yana ɗauke da bututu na biyu, galibi ruwan ɗorawa, domin irin wannan rana.

Inda ya kamata ka tattara hankalinka shi ne nauyin ruwa, wanda ba a cika ambatonsa a hirar tsoro ba. A zurfin mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na bakin gaɓa sau biyu, kuma kunne ne zai fara gaya maka, kamar yadda yake yi idan jirgi zai sauka. Maganinsa shi ne ka matse hanci da yatsu biyu ka hura a hankali tun kafin zafin ya zo, kana maimaitawa a kusan kowace mita. Idan ya ƙi buɗewa, ka ɗan ɗago sama ka sake gwadawa, kada ka yi masa ƙarfi.

Babbar doka kuwa ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa a mita 10 tana kumbura ta ninka biyu kafin ka iso sama, kuma idan ka rufe mata hanya tana iya yaga huhu. A nan ne al'adarmu ta wanka a kududdufi, inda gwani shi ne wanda ya fi daɗewa bai numfasa ba, take zama illa. Haka nan naitirojin tana narkewa cikin jini a ƙasa, kuma wanda ya yi sama da gaggawa sai ta tashi da kumfa a jikinsa, tamkar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe lokaci guda. Shi ya sa ake hawowa sannu a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5. Wanda ya firgita ya zabura sama don neman tsira, shi ne yake jefa kansa cikin haɗarin da yake gudu. Idan ruwa ya shiga gilashin fuskarka, ka danne samansa da yatsu, ka ɗaga kai, ka fitar da iska ta hanci, za ka ga ruwan yana tsiyayewa ta ƙasa. Za a sa ka maimaita wannan a ruwa iya ƙirji har hannunka ya saba. Ka kuma riƙe cewa ɗaga babban yatsa a ƙarƙashin ruwa ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu hau sama. Lafiya lau ita ce ka haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe.

Nutson gwaji tare da malami ba ya wuce mita 12, mai takardar farko kuma iyakarsa mita 18. Sai ka duba tikitin komawarka tun kafin ka sa rana, domin ana so a bar aƙalla awa 12 tsakanin nutso ɗaya da hawa jirgi, awa 18 idan an yi fiye da ɗaya. Idan jirginka na Kano zai tashi da safiyar Alhamis, ka gama nutsonka ranar Talata.