Ɗan riƙo a Amurka: hanyar samun kuɗin jami'a

Idan kina riƙon yaron da hukuma ta ba ki a Amurka, ki fara da takarda kafin ki fara maganar kuɗi. Tun bai cika shekara 18 ba, ki sa ma'aikaciyar da ke kula da shi ta kawo shaidar kotu mai nuna ranar da ya shiga riƙo. Da zarar an rufe fayil ɗinsa, neman takardar sai ya koma jeka-ka-dawo, alhali ofishin tallafin kuɗi na jami'a zai iya buƙatar ta.

Daga nan sai fom ɗin FAFSA, wanda ake cikewa don neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. A ciki akwai tambayar ko ya taɓa zama a riƙon hukuma daga shekara 13 zuwa sama. Ya amsa da eh. Wannan amsar ce ke sa a ɗauke shi mai cin gashin kansa, ba za a nemi bayanin kuɗin iyaye ba, kuma sau da yawa ta nan yake samun cikakken tallafin Pell, wato tallafin gwamnatin tarayya ga ɗalibai marasa ƙarfi, wanda ya kai dala 7,395 a zangon 2024 zuwa 2025. Na ga yaran da kunya ta sa suka tsallake tambayar. Ki zauna kusa da shi ranar da zai cike.

Akwai kuma tallafin Chafee da ake kira ETV, na karatun 'yan riƙo, har dala 5,000 a shekara, na tsawon shekara biyar, kuma jihohi na iya bayarwa har yaron ya kai shekara 26. Nemansa daban ne, kowace shekara ake sabuntawa, kuma a jihohi da yawa wanda ya fara nema shi ke samu. Wasu jihohin, irin su Texas da Florida, suna yafe wa 'yan riƙo kuɗin karatu a makarantun gwamnati.

Amma ni a ganina, kuɗin makaranta ba shi ne ke kayar da su ba. Hutun Disamba ne, lokacin da aka rufe ɗakunan kwana, kowa ya ja akwatinsa ya nufi gida, shi kuwa ya tsaya da jaka a bakin ƙofa. Don haka kafin ya zaɓi makaranta, ki buga waya ki tambaya kai tsaye: “Yaron da ba shi da gidan komawa, ina yake kwana a hutu?” Jami'ar jihar Kalifoniya da ke Fullerton ta fara shirin Guardian Scholars a 1998, Jami'ar Western Michigan kuma ta buɗe Seita Scholars a 2008, duka don ɗaliban da suka fito daga riƙo. Irin waɗannan shirye-shirye kan haɗa ɗalibi da mutum ɗaya da ya san shi da suna, su kuma taimaka da wurin kwana.

Ki kuma sa ido a kan maki. Yawancin makarantu kan dakatar da tallafi idan matsakaicin maki ya faɗi ƙasa da 2.0 cikin 4.0. In hakan ta faru, akwai damar ɗaukaka ƙara a rubuce, ya bayyana abin da ya same shi, kada ya tattara kayansa ya bar makarantar.